Allo na daskarewa bayan sabunta Linux: laifin direba ne ko na Wayland?

Tambayar ita ce: "Ina da laftof mai katin hoto biyu, na Intel da na Nvidia, ina amfani da Linux da GNOME. Tun da na yi sabuntawa, wani lokaci allon ya daskare ƙam, wani lokaci idan na tashe ta daga barci sai baƙi kawai. Idan na jona babban allo ta HDMI kuma sai ya riƙa ƙiftawa. Wasu sun ce in koma Xorg, wasu sun ce in sa nomodeset, wasu sun ce in goge komai in sake sakawa. Wanne zan bi?"

Ɗan'uwa, kada ka bi ko ɗaya tukuna. Abubuwa uku ka lissafo, daskarewa da baƙin allo bayan barci da ƙiftawa, kuma babu tabbacin tushensu ɗaya ne. Idan ka goge komai yau, ka goge shaidar da za ta nuna maka inda ciwon yake, kuma da zarar sabon tsarin ya jawo sabuntawar nan da ta jawo maka matsala, za ka koma gidan jiya.

Hoton da kake gani a allo ta hannu huɗu yake biyowa. A ƙasa akwai katin hoton kansa da wayarsa da allon. A kansa akwai direba, wato manhajar da ke sarrafa katin, wanda ke cikin kanel, zuciyar tsarin Linux: i915 ko xe na Intel, amdgpu na AMD, nouveau ko nvidia na Nvidia. Shi ne yake kunna allo, ya zaɓi girman hoto, ya raba ma'ajiyar katin. A kansa kuma akwai rabin direban da ke wajen kanel, wanda yake fassara umarnin zane na manhajoji, wato OpenGL da Vulkan, zuwa abin da katin ke ganewa. Ga Intel da AMD wannan aikin Mesa ne, Nvidia kuwa da nata ɗakunan karatun manhaja take zuwa. A can sama sai sabar nuni, wato manhajar da ke kai tagogin sauran manhajoji kan allo. Tsohuwar ita ce X11, wadda ƙa'idarta ta fito tun 1987, kuma Xorg ke ɗauke da ita tun 2004. Sabuwar ita ce Wayland, wadda Kristian Høgsberg ya fara a 2008. A Wayland babu wata sabar da ke zaman kanta, manhajar da ke haɗa tagogi ita ce sabar: Mutter a GNOME, KWin a KDE. Shi ya sa idan wani ya ce "Wayland ta faɗi", galibi Mutter ce ko KWin ta faɗi, kuma can ne za a kai ƙara. Aikinka na farko shi ne ka gano wanne daga cikin huɗun nan ne ya saki.

Ka fara tun lokacin da allon ya daskare, kafin hannunka ya kai ga maɓallin kashewa. Danna Caps Lock ka duba ko fitilarsa tana amsawa. Idan kana da sauti a kunne, saurara ko yana ci gaba. Sannan danna Ctrl da Alt da F3 tare. Idan baƙin allon rubutu ya bayyana yana neman sunanka, to kanel na raye, direban ma yana iya zana abu a allo, matsalar a sama take, wajen Mutter ko wata manhaja. Idan bai bayyana ba amma kana iya shiga na'urar daga wata kwamfuta ta ssh, wato hanyar buga mata umarni daga nesa, to tsarin na numfashi, ko dai katin hoton ne ya sarƙe, wato direban kanel ko katin kansa, ko kuma Mutter ce ta makale har ta kasa amsa maɓallan. Idan kuwa babu fitila, babu sauti, babu ssh, kanel ɗin gaba ɗaya ya tsaya. Ina ba ka shawara ka saka sabar ssh tun yau, domin ita kaɗai ce ƙofar da ke saura a buɗe idan allo ya mutu, kuma ta cikinta za ka karanta kundin tsarin a daidai lokacin da abin ke faruwa.

Idan dole sai ka kashe, gwada Alt da SysRq da S, sannan U, sannan B, in nau'in Linux ɗinka ya bar wannan a kunne. Na farko yana zuba abin da ke jiran rubutu cikin faifai, na biyu ya kulle faifan, na uku ya sake tayar da na'urar. Amfaninsa a nan shi ne layukan ƙarshe na kundin su tsira. Idan ka danne maɓallin wuta, sau da yawa waɗannan layukan, waɗanda su ne kake nema, su ke ɓacewa.

Bayan ta tashi, abin da mutane da yawa ke kuskurewa shi ne su buga dmesg. Wannan na tashin yanzu ne, wanda lafiyarsa ƙalau. Kai na tashin da ya gabata kake so:

journalctl -k -b -1

Idan ya ce babu, kundin naka ba ya zama a faifai. Ƙirƙiri babban fayil /var/log/journal, ka sake kunnawa, ka jira matsalar ta dawo. Idan ya buɗe, gangara ƙarshe ka karanta sama sama, kana neman drm, i915, NVRM, timeout. Direbobin nan suna da kalmomin da suke kuka da su. Intel na rubuta GPU HANG, ta kuma ajiye cikakken bayanin sarƙewar a fayil ɗin error da ke ƙarƙashin /sys/class/drm/card0 ko card1, wanda ke gogewa idan aka sake kunnawa, don haka ta ssh ake kwafe shi. AMD na rubuta ring gfx timeout sannan ta yi ƙoƙarin farfaɗo da katin. Idan ka ga flip_done timed out, direban ya umarci allo ya sauya hoto ne bai sami amsa ba, matsalar ɓangaren nuni ce, ba ta zane ba. Nvidia kuma lambobin Xid take bayarwa. Xid 13 yawanci wata manhaja ce ta aiko wa katin umarni marar kyau. Xid 79 kuwa ma'anarsa katin ya ɓace ɗungurungum daga layin PCIe da ke haɗa shi da sauran na'urar, kuma wannan ya fi karkata ga wuta ko zafi ko yanayin tsimin wuta. Wanda ya ga 79 ya zauna yana sauya saitin GNOME, ɓata lokacinsa yake yi.

Idan kundin kanel ɗin fes yake, sai ka cire -k ka karanta na dukkan tsarin, ka nemi gnome-shell. Buga coredumpctl list ka ga ko ta faɗi. Alamar faɗuwar Mutter a Wayland a bayyane take: allo ya yi baƙi na ɗan lokaci, sai ka tsinci kanka a wajen shigar da kalmar sirri, duk tagoginka sun tafi. A Xorg kuwa harsashin GNOME na iya faɗuwa ya tashi tagogin na nan, tunda sabar daban take. Mai amfani da Xorg yana da ƙarin kundi, Xorg.0.log, a /var/log ko a .local/share/xorg cikin gidansa, inda layukan da ke ɗauke da alamar (EE) su ne kurakurai.

Yanzu batun sabuntawar, wanda a ganina nan ne amsarka ta fi kusa. Sabuntawa ɗaya kan taɓa kanel, da Mesa, da direban Nvidia, da Mutter, da kunshin linux-firmware a lokaci guda. Duba tarihin: a dangin Debian da Ubuntu yana /var/log/apt/history.log, a Fedora dnf history, a Arch /var/log/pacman.log. Rubuta abin da ya sauya da lambar da ya baro da wadda ya koma. Gwaji mafi arha shi ne ka sake kunnawa, ka zaɓi tsohon kanel daga jerin GRUB, wato jerin zaɓin da ke fitowa kafin Linux ta tashi, ba tare da ka taɓa komai ba. Idan matsalar ta ɗauke, ka rage filin bincike zuwa kanel ko yadda direban Nvidia ya haɗu da shi. Idan tana nan, kanel ya fita daga zargi.

Wannan haɗuwar tana bukatar bayani, don ita ce ta fi cin masu Nvidia. Direban kamfanin ba ya cikin kanel, dole a gina masa ɓangarensa duk lokacin da kanel ya sauya, ta manhajar da ke wannan ginin da kanta, wato DKMS, ko akmods a Fedora. Ginin na iya faɗuwa shiru, saƙon kuskuren ya wuce cikin ɗaruruwan layukan sabuntawa ba ka gani ba. Ko kuma ginin ya yi kyau, amma Secure Boot, tsaron da ke hana loda abin da ba shi da sa hannu, na kunne, ɓangaren ba shi da sa hannun da na'urar ta yarda da shi, kanel ya ƙi loda shi. Umarni huɗu za su warware maka wannan cikin minti biyu. dkms status zai nuna ko an gina wa kanel ɗin da kake kai. mokutil --sb-state zai faɗa maka halin Secure Boot. lspci -nnk zai nuna, ƙarƙashin kowane kati, layin Kernel driver in use, wato direban da ke riƙe da shi a zahiri, ba wanda kake zaton ka saka ba. Sai nvidia-smi: idan ya ce Driver/library version mismatch, rabin da ke cikin kanel da rabin da ke waje lambarsu ta bambanta, galibi don ba a sake kunnawa ba bayan sabuntawa ko don an gauraya direban da aka sauko daga shafin kamfanin da na ma'ajiyar rarrabar, wato nau'in Linux ɗinka. Wannan gaurayawar ka guje ta iyakar iyawarka. Fayil ɗin .run da ake saukowa daga shafin kamfanin yana rubutu a kan fayilolin da manajan kunshi yake ganin nasa ne, sai sabuntawa ta gaba ta zo ta tattake rabi ta bar rabi.

Ƙara da glxinfo -B ka karanta layin OpenGL renderer. Idan ka ga llvmpipe, babu katin da ke zane, babbar ƙwaƙwalwar na'urar ce ke ɗaukar nauyin komai. Daga nan ne ake samun jan jiki da zafi da ƙarar fanka.

Nan ne zan yi maganar nomodeset. Abin da yake yi shi ne ya hana direbobin hoto na kanel karɓar allon, a bar ka da hoton da firmwayar na'urar ta kunna tun farko. Za ka ga allo, gaskiya ne. Amma a na'urarka ya kashe direban Intel kenan, ka rasa saurin zane, ka rasa daidaita haske, allo na biyu ma ba lallai ya yi aiki ba. Amfaninsa guda ne: ka shiga sau ɗaya ka gyara direban da ya lalace. Wanda ya bar shi dindindin ya kashe maciji bai sare kansa ba. Kuma idan za ka gwada duk wani saiti na kanel, kada ka rubuta shi cikin fayil tukuna. A jerin GRUB danna e, ka ƙara shi a ƙarshen layin da ya fara da linux, ka tashi da Ctrl da X. Na tashi ɗaya ne, idan ya ɓata abu, sake kunnawa ya wanke shi.

Komawa Xorg kuwa gwaji ne mai kyau, ba magani ba. Buga echo $XDG_SESSION_TYPE ka san inda kake. Idan rarrabarka tana da zaman Xorg har yanzu, fita, ka zaɓe shi daga alamar saiti a wajen shiga, ka yi aikin da ke jawo matsalar. Idan ta biyo ka can, to ƙasa da sabar nuni take, a direba ko kati. Idan ta tsaya a Wayland kaɗai, zargi ya koma kan Mutter ko yadda Nvidia ke hulɗa da ita. Sai dai ka sani wannan ƙofar tana rufewa. Fedora ta mai da Wayland zaɓin farko tun fitowa ta 25 a 2016, Ubuntu ta zauna a kai daga 21.04, KDE ta bi da Plasma 6 a 2024, kuma sababbin fitowar GNOME sun fara cire zaman Xorg gaba ɗaya. Wanda ya fake a can yau, gobe zai fito ya tarar da matsalarsa na jiransa.

Ƙiftawa a Wayland da katin Nvidia tana da tarihi sananne. Direban bai fara goyon bayan GBM, hanyar da sauran direbobi ke raba hotuna da ita, ba sai a jerin 495 a 2021. Bayan haka ma aka daɗe ana fama da wata matsalar: manhaja ta miƙa hoto kafin katin ya gama zana shi, sai ka ga tsohon hoto da sabo suna musanya, ko rubutun da ka buga ya ɓace ya dawo. Mesa na dogara ga kanel ya tsara wannan jiran a ɓoye, direban Nvidia bai yi haka ba. Maganin ya zo a 2024, lokacin da aka shigo da hanyar da manhaja ke faɗa a fili cewa hoto ya kammala, kuma sai ɓangarori uku sun haɗu take aiki: direba 555 ko sama, Mutter 46.1 ko KWin 6.1, da Xwayland 24.1. Idan ɗaya ya gaza wannan lambar, ƙiftawar da kake gani ta riga ta sami suna da magani, sabuntawa kawai take so. Ka kuma tabbatar fayil ɗin /sys/module/nvidia_drm/parameters/modeset yana cewa Y, in ba haka ba ka ƙara nvidia-drm.modeset=1.

Ka lura da abin da ke ƙiftawar. Idan taga ɗaya ce ko biyu, buga xlsclients ka ga ko suna cikin jerin, domin tsofaffin manhajoji ta Xwayland suke bi, wato gadar da ke ba manhajojin X11 damar aiki a Wayland, kuma su ne wannan ciwon ya fi kamawa. Idan kuwa allon gaba ɗaya ne ke ɗaukewa na daƙiƙa ɗaya ko biyu ya dawo, kamar an zare waya an mayar, to siginar ce ke yankewa, kuma nan waya ce abin zargi na farko. HDMI 1.4 ba ta ɗaukar 4K da cikakken launi fiye da sau 30 a daƙiƙa, sai 2.0 ke kai 60, kuma wayar da ba ta da inganci tana iya ɗaukar ƙaramin hoto lafiya ta kasa babba. Rage girman hoton ko yawan sabuntawar allon zuwa 60, ka ga ko ta daina. Sauya waya, ka cire duk wani adafta ko tashar jonawa da ke tsakani. A laftof da yawa masu kati biyu, ramin HDMI kai tsaye yake jone da katin Nvidia, allon ciki kuma da na Intel. Kenan duk hoton da za a nuna a babban allo sai an kwafe shi daga kati zuwa kati, kuma wannan hanyar ce ta fi saurin nuna aibi. ls /sys/class/drm zai nuna maka wane rami ke ƙarƙashin wane kati. Idan kuma allon cikin laftof ne ke ƙiftawa ko yake makalewa sai ka motsa linzami, akwai dabarar tsimin wuta mai suna PSR, inda allon ke riƙe hoton da kansa katin ya huta. Gwada i915.enable_psr=0 na tashi ɗaya. Ba ruwanta da allon HDMI, kada ka sa rai a can.

Baƙin allo bayan barci shi ma yana da sanannen dalili a Nvidia. Idan na'ura ta yi barci, abin da ke ma'ajiyar katin na iya gogewa, kuma a tsohon saitin direban ba ya adana duka, sai mafi muhimmanci. Mutter ta farka ta nemi hotunanta ta tarar da shara ko babu. Duba /proc/driver/nvidia/params ka nemi PreserveVideoMemoryAllocations, sannan ka duba da systemctl ko nvidia-suspend da nvidia-resume suna kunne. Wancan saitin da waɗannan biyun tare suke tafiya, kunna ɗaya ka bar ɗaya na iya hana barcin ma gaba ɗaya. Kuma wurin da ake zuba abin da aka adana dole ya zama a faifai mai isasshen fili, shi ya sa ake mai da shi /var/tmp. Duba /sys/power/mem_sleep ma: idan na'urar tana da nau'o'in barci biyu, s2idle da deep, gwada wanda ba ka kai. Idan allon ya farka baƙi, kafin ka yanke hukunci haska shi da tocila daga kusa. Idan ka hango inuwar tagogi, hoton na nan, fitilar bayan allon ce ba ta kunnu ba, wannan kuma wata matsala ce daban mai sauƙi.

A duk wannan, sauyi ɗaya a lokaci ɗaya, kuma ka rubuta shi. Na fi nanata wannan fiye da kowane umarni da na ba ka. Mutum ya kwafo saiti biyar daga wurare biyar ya zuba tare, matsalar ta lafa, bai san wanne ya yi aiki ba, bayan wata shida ɗaya daga cikin sauran huɗun ya zama sabon ciwo, gyaran gangar Auzinawa kenan. Idan matsalar ba kullum take zuwa ba, nemo abin da ke tsokano ta: bidiyo a burauza, zare caja, jona allo bayan barci. Matsalar da kake iya kirawa ta zo duk lokacin da ka so, ita ce ake iya gwada magani a kanta a san ya ci ko bai ci ba. Kuma ka ware kayan ƙarfen daga zargi da wuri: tashi daga filashi mai ɗauke da wata rarrabar, ka bar memtest86+ ya zagaya ma'ajiyar na'urar, ka duba zafin katin da nvidia-smi lokacin aiki mai nauyi. Ɗigo-ɗigon launi ko layuka da ke bayyana tun a tambarin farko kafin Linux ta tashi, ba direba ba ne.

Idan ka tabbatar kwaro ne na gaske, kai rahoto, domin masu gyaran ba su da irin na'urarka a gabansu. Na Intel da AMD da Mesa da nouveau ana kai su GitLab na freedesktop, na Mutter a GitLab na GNOME, na KWin a ma'ajiyar rahoton KDE. Na direban Nvidia kuwa kamfanin kaɗai ke iya gyara yawancinsa. Tun 2022 sun buɗe wa kowa rubutun manhajar ɓangaren kanel ga katunan jerin Turing zuwa sama, amma rabin da ke waje a rufe yake har yanzu. Suna bukatar fayil ɗin da nvidia-bug-report.sh ke haɗawa, kuma a gudanar da shi bayan matsalar ta faru, kafin a sake kunnawa. A rahoton ka sa sunan na'ura, fitowar lspci -nnk, lambar kanel da Mesa da direba, matakan da ke jawo matsalar, da cikakken kundi, ba layuka uku da ka zaɓo ba. Ga direbobin da ke cikin kanel, tashi da drm.debug=0x1e da log_buf_len=4M don kundin ya yi bayani dalla-dalla.

Jumlar da ta fi kowace daraja a rahoto ita ce "a kanel kaza yana aiki, a kanel kaza ba ya yi". Idan kana da haƙurin gina kanel da kanka, git bisect zai kai ka har kan sauyin da ya jawo ɓarnar. Tsakanin fitowar kanel ɗaya da ta gaba akwai sauye-sauye sama da 10,000, amma tunda kowane gwaji yana raba abin da ya rage biyu, gini 14 ko kusa da haka ya isa. Kafin gyaran ya iso, riƙe tsohon kanel ko tsohon direban da ke maka aiki, da apt-mark hold a dangin Debian ko versionlock a Fedora, ka kuma sa wa kanka ranar da za ka saki riƙon, don sabuntawar tsaro ma ta nan take biyowa.